Maɗin zubawa kan kayan marmari: amsa ga wata amarya daga Gusau

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni amarya ce, a Gusau nake aure. Wannan ne azumina na farko a ɗakina, kuma uwar mijina tare da mu za ta yi shi. Ina son in iya haɗa abin zaƙin nan da ake zubawa kan yankakkun kayan marmari da fanke da kek. Sau uku ina gwadawa. Na farko, ruwan sukarin na hucewa sai ya koma tsakuwa a tukunya. Na biyu, na zuba madara kan abarba da gwanda tun la'asar, da aka sha ruwa sai ga shi ya tsinke yana ɗaci. Na uku na zoɓo ne, ya yi daɗi, amma kwana huɗu ya soma kumfa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya sanya albarka a ɗakin, ya kai mu watan lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ne bai iya ba. Na daɗe ina koyar da girki ga 'yan mata nan Birnin Kebbi, yanzu kuma ina yi wa mutane abincin biki da na suna, kuma duk ukun nan da kika lissafa na gan su a tukunyata ko a ta ɗalibaina. Kowane da dalilinsa, in kin gane dalilin ba za ki sake faɗawa ba.

Abin da kike nufi ni maɗi nake ce masa, domin ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk da cewa yanzu a waya ake ganinsa cikin kwalabe masu kyau. Ina yarinya a Argungu, in ɗinya ta nuna, kakata kan jiƙa ta a babbar ƙwarya, ta murje, ta tace, ta ɗora ruwan kan murhu tun da hantsi. Ba ta cika masa wuta. Itace biyu take bari, ta zauna gefe da ludayi tana kwashe kumfar da ke tasowa, har ruwan ya janye ya koma baƙi wuluk yana sheƙi. In tana son sanin ko ya kai, sai ta ɗiga kaɗan cikin ruwan randa ta sa yatsa ta taɓa. Duk abin da zan gaya miki yau, tushensa wannan zaman ne: ruwa mai ɗanɗano, abin zaƙi, da wuta mai sanyi.

Amma kafin ki ɗora tukunya akwai abin da na fi son ki riƙe, shi ne ki yanki ɗan itacen ki ɗanɗana tukuna. Mata da yawa suna ɗauka aikin maɗi ƙara zaƙi ne, shi ya sa za ki ga an kawo mangwaro binta suga, wanda zaƙinsa har kai yake hawa, an kuma malala masa ruwan sukari. Cokali uku mutum ya ƙoshi, sauran ya koma kicin. Maɗi kamar miya yake ga tuwo, abin da babu shi yake kawowa. Gwanda da kankana da ayaba ba su da tsami, to tsami suke nema. Abarba da lemon zaƙi na farkon fitowa suna da tsami, su ne masu son zaƙi sosai. Fanke da kek da gurasa busassu ne, maiƙo da laushi suke so. In kika saba tambayar kanki me wannan abin ya rasa, rabin aikin ya ƙare.

To, mu zo ga tsakuwar da kika samu a tukunya.

Ruwan zafi yana ɗaukar sukari fiye da ruwan sanyi. Yayin da kike tafasawa ruwa na tafiya a tururi, sukarin na nan, har a kai inda ya fi ƙarfin ruwan da ya rage. A wannan halin ƙiris yake jira ya koma ƙwaya. Ƙwayar sukari guda ɗaya da ta maƙale a bakin tukunya ko a jikin cokali, in ta faɗa ciki, sauran sai su bi ta su yi ta ɗafewa, kafin ya huce duk ya daskare. Juyawa da cokali bayan ya tafasa ita ma tana tayar da shi. Na tabbata kin yi ta juyawa don gudun kada ya kama, kuma kin bar shi a wuta har sai da kika ga ya yi kaurin da kike so. Waɗannan biyun su ne suka kashe shi.

Ga yadda za ki yi. Awona gwangwanin madara ne, ƙaramin nan da kowane gida ke da shi. Sukari gwangwani 1, ruwa gwangwani 1. Ki zuba ruwan farko, sukarin ya biyo baya a tsakiya, kada ya watsu jikin tukunya. Wuta kaɗan, ki juya a hankali har sai kin ɗaga cokali ba ki ga ƙwaya ko ɗaya ba, kuma wannan ya kasance kafin ya tafasa. Da ya soma tafasa, ki ajiye cokalin, kin gama da shi. Ki rufe tukunyar minti 2, tururi zai wanke ƙwayoyin da suka hau gefe. Ki buɗe, ki matsa lemon tsami kamar cokalin shayi 1, ki bar shi yana ɓararraka a hankali minti 5, ki sauke. In kina son mai kauri wanda zai zauna kan fanke, sukari gwangwani 2 ga ruwa 1, hanya ɗaya ce.

Lemon tsamin nan ba don ɗanɗano kawai ba ne. Tsami in ya haɗu da zafi yana raba wani sashe na sukarin gida biyu, ya koma gulukos da furuktos, irin sukarin da ke cikin zuma da 'ya'yan itace. Su kuma in suna tsakani, sauran ba ya samun hanyar jeruwa ya zama ƙwaya. In babu lemo, ruwan tsamiya kaɗan ko zuma babban cokali 1 suna yin aikin.

Sai maganar lokacin saukewa, wadda ita ce ta fi ba ɗalibaina wahala. Maɗi mai zafi ruwa-ruwa yake, sai ya huce yake nuna kaurinsa na gaskiya. Wadda ta jira ya yi kauri a kan wuta, alewa ta dafa. Masu ma'aunin zafi sun san cewa ruwa na tafasa a digiri 100, maɗin zubawa yana tsayawa tsakanin 103 da 110, a wajen 115 ɗigonsa kan dunƙule cikin ruwan sanyi, a wajen 150 ya zama alewa mai ƙaras-ƙaras, daga 160 kuma ya soma canja launi. Ba sai kin sayi ma'auni ba. Ki ajiye farantin tangaran a gefe, in da hali ki sanyaya shi. Ki ɗiga maɗin, ki ƙirga talatin, ki ja yatsa ta tsakiya. In hanyar da yatsan ya bi ta rufe nan take, da saura. In ta tsaya ɗan lokaci sannan ta soma haɗewa a hankali, sauke. In ba ta haɗe ba sam, ya wuce, ki ƙara ruwan zafi cokali biyu ko uku ki juya tukunyar.

Wannan farin ruwan sukarin shi ne uwa, kina iya jefa masa citta ko kanumfari ko ɓawon lemo ko na'a-na'a bayan kin sauke, ki rufe ya jiƙu, ki tace. Amma in gaya miki gaskiya ba shi na fi yi ba. In aka ce in zaɓi guda ɗaya in kai gaban surukai, na tsamiya da mazarƙwaila zan ɗauka.

Ki sami tsamiya ta bana, mai launin ja-ja da danƙo. Wadda ta shekara ta yi baƙi tana da ɗan ɗaci da warin ajiya. Cikin tafin hannu biyu, ki ɓare, ki ɗauraye ƙura, ki zuba mata ruwan zafi gwangwani 3, ki bar ta rabin awa. Ki sa hannu ki murje sosai har 'ya'yan su fita tas, ki tace da rariya mai laushi. Mazarƙwaila kuma ki kankare ta da wuƙa ko ki daka, ki auna gwangwani 1 da rabi, ki narkar da ita daban cikin ruwa kaɗan, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Kada ki tsallake tacewar nan. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa har ya daskare, a fili ake yinta, ba ta rasa yashi da ɓurɓushin rake, kuma ba abin da ke kunyata mai girki kamar baƙo ya tauna yashi. Ki haɗa su a tukunya, ki sa ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar yatsa, a daddake, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Wuta kaɗan, minti 15 zuwa 20, kina kwashe kumfa. Za ki ga launin ya tashi daga na shayi ya koma na zuma mai duhu, ƙamshin kuma ya bar na kunun tsamiya ya koma wani abu mai nauyi kamar alewa. Ki gwada a faranti, ki ɗanɗana bayan ya huce. Tsamiya ba ƙarfinsu ɗaya ba, wata bishiyar ta fi wata tsami, don haka awon nan mafari ne, harshenki ne zai yanke hukunci. Abin da ake nema shi ne zaƙi ya fara zuwa, tsami ya biyo shi, citta ta zo ƙarshe a maƙogwaro.

A kan gwanda nunanniya ba ni da abin da ya kai shi. Gwanda tana da wani wari da wasu ba sa so, tsamiya da citta suna kashe shi. Yana hawa ayaba, yana hawa kankana, in kuma gidanku ana son yaji, garin barkono a bakin wuƙa yana ƙara masa armashi a kan mangwaron da bai gama nuna ba. Gishirin nan kuwa kada ki ce za ki bar shi. Ba a jinsa, amma shi ke fito da ɗanɗanon sauran, kuma in yana ciki ba kya buƙatar sukari da yawa.

Tukunya ma tana da magana. Tsamiya da zoɓo da lemo suna cin alminiyam, musamman tukwanen ƙira da ake zubawa a kasuwa. Za ki ga cikin tukunyar ya yi fari fes bayan kin gama, maɗin kuma ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe ya dushe. Ki yi amfani da ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ko mai rufin fenti wadda ba ta ɓantare ba. Kuma mai kaurin gindi, don sirirya tana ƙona sukari ta gefe ɗaya.

Na zoɓo kin riga kin iya tunda kin ce ya yi daɗi, sai dai in ƙara miki abu biyu. Ki sa zoɓon ya fi na sha yawa nesa, cikin hannu biyu ga ruwa gwangwani 3, bayan kin wanke yashi, ki tafasa minti 10 da kanumfari 4 da citta, ki tace, sannan ki sa sukari gwangwani 2 ki dafa har ya kama faranti. Kuma kada kanwa ta kusance shi. Wasu na jefa ta don rage tsami, amma jan zoɓo da tsami yake rayuwa, kanwa na shiga yake komawa baƙi-baƙi mara kyan gani. In tsamin ya yi miki yawa, sukari za ki ƙara. Wannan maɗin a kan abarba ko kindirmo mai sanyi, ja a kan rawaya ko ja a kan fari, ido ma sai ya ci.

Yanzu ɗacin da kika ji a madara. Wannan ya taɓa kunyata ni a wata walima farkon shigata sana'ar. Na yanka abarba da gwanda da ayaba cikin manyan robobi, na zuba madara tun da safe don in rage wa kaina aiki, na sa ƙanƙara. Da azahar na buɗe na tarar madarar ta gutsuttsure, ruwa a sama, na kai baki na ji ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Haka na zubar da shi duka, na aika kasuwa aka sake sayowa da kuɗina, baƙi suna zaune. Ban manta ranar ba, kuma tun daga nan ba na barin ɗaliba ta fita hannuna ba ta san dalilin ba.

Ɗanyar abarba da gwanda suna ɗauke da wani sinadari mai narkar da furotin, wato abin gina jiki da ke cikin nama da madara. Shi ya sa ake naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ko a jefa ɗanyar gwanda a tukunya ya yi laushi, shi ya sa kuma harshe ke yin zafi in an sha abarba da yawa. Madara tana ɗauke da furotin. In suka zauna tare, sinadarin yana yayyanka ta, gutsattsarin da ke fita kuwa masu ɗaci ne. Ga kuma tsamin abarba yana tsinka ta ta wani gefen. Sanyi yana rage saurin abin, ba ya hana shi. Abin da ke kashe sinadarin shi ne wuta, don haka abarbar gwangwani ba ta yin haka. To kina da zaɓi: ko ki dafa yankakkiyar abarbar minti 5 cikin ruwan sukari ta huce kafin madara ta taɓa ta, ko ki kai madarar a jug daban kowa ya zuba a kofinsa ya sha nan take, ko kuma, wanda na fi so, ki bar abarba da gwanda ga zoɓo da tsamiya, ki ajiye madara don ayaba da dabino da tuffa da kayan fulawa.

Ko da maɗin da babu madara, kada ki zuba tun la'asar. Sukari yana jawo ruwa daga jikin ɗan itace. Kankanar da ta yi awa biyu cikin maɗi za ki same ta ta saki, tana iyo cikin ruwanta. Ki yanka, ki rufe, ki sa a sanyi, sai an kusa kiran salla ki zuba. Ayaba ita ce ta ƙarshen yankawa, ki ɗiga mata lemon tsami don kada ta yi baƙi.

Tunda fanke da kek na cikin tambayarki, ga wanda ya dace da su, na ƙonannen sukari da madara. Shi ne ya fi kowane daɗi a wurin yara, shi ne kuma ya fi haɗari, zuma ce ga zaƙi ga harbi. Kafin ki kunna wuta ki fitar da yara daga kicin, ki ɗaure bakin mayafinki, ki jera komai kusa: madarar ruwa ta gwangwani kashi uku cikin huɗu, an ɗumama ta, man shanu babban cokali 2, gishiri. Man shanun ki shinshina. Wanda aka soya da albasa don tuwo ba zai yi ba, ɗanye mai kyau ko bota ake so. Tukunya mai zurfi, sukari gwangwani 1, ruwa rubu'in gwangwani, zuma cokali 1 maimakon lemo saboda madarar da za ta shiga. Ki narkar kamar yadda na faɗa, ki ajiye cokali, ki ɗan ƙara wuta, ki tsaya a kansa. Zai daɗe yana fari yana manyan kumfa har ki ɗauka ba abin da ke faruwa. Sai kumfar ta ƙanƙance, gefe ya soma rawaya kamar karan dawa. Daga nan abin da sauri yake. Ki kama hannun tukunya ki ɗan jujjuya ta don launin ya daidaita. Rawaya, sai launin zuma, sai launin shayin da ba a sa wa madara ba. Nan za ki sauke, kada ki jira, don zafin tukunya zai ci gaba da dafa shi. In ya yi baƙi yana hayaƙi mai shiga ido, ya ƙone, ba ya gyaruwa, sai sabo. Ki jefa man shanu, ki juya da muciya ko dogon cokalin katako, sannan ki zuba madarar kaɗan-kaɗan, fuskarki a nesa, don zai taso da ƙarfi yana huci. In ya dunƙule kada ki tsorata, ki mayar kan wuta kaɗan kina juyawa zai narke. Gishiri a ƙarshe.

Sukari a wannan matakin ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Kada ki kai yatsa don ɗanɗanawa. In tsautsayi ya sa ya ɗiga miki, ki sa wurin cikin ruwa mai sanyi ko ƙarƙashin famfo minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja ko gishiri. In wurin yana da faɗi ko a jikin yaro ne, asibiti.

Akwai kuma irin maɗin da ba sa son wuta ko kaɗan, kuma a zafin bazara sun fi sauƙi. Busasshen dabino irin wanda ake shigowa da shi ta Nijar, guda 20, ki tsaga kowane ki cire ƙwallo ki duba ciki, don ƙwari na ɓuya a nan. Ki jiƙa da ruwan zafi awa 1, ki markaɗa da ruwan jiƙon, gishiri kaɗan, in kina so ki sassauta shi da ruwan aya ko na kwakwa. Ba ya buƙatar sukari. Sai farin garin cikin ƙwallon kuka, ba na ganye da ake miya ba, wanda masu tallan nono suka daɗe da sanin yana ƙara kauri. Babban cokali 3 cikin ruwa ko kindirmo gwangwani 1, zuma cokali 2, ki kaɗa ki bar shi minti 10, da kansa zai kama. Yana da bitamin C mai yawa, wuta kuwa tana rage shi, don haka ba na dafa shi. Mangwaro in ya cika kasuwa ya yi araha, ki markaɗa nunanne, ki tace zaren, ki matsa lemon tsami, shi ke nan, ki zuba kan kek ko kindirmo a ranar. Na cakulan shi kam sai an ɗora a wuta, amma ba wuya: garinsa mara sukari babban cokali 3, sukari rabin gwangwani, ruwa rabin gwangwani, gishiri, a dama da sanyi, a tafasa minti 3.

Saura kumfar da zoɓonki ya yi. Sukari yana tsare abinci ne in ya yi yawa har ya riƙe ruwan ya hana ƙwayoyin cuta da yis sha. Shi ya sa zuma ke shekara ba ta lalace ba. Amma maɗi mai ruwa-ruwa, sukarinsa bai kai ya tsare shi ba, abinci ne kawai ga yis, ga kuma zafin garuruwanmu da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Kumfar nan alama ce ya soma tsima, ba a gyara shi da sake tafasawa, zubarwa ake. Haka in kika ga hunhuna a sama, kada ki kwashe ki ci na ƙasa.

In kina son ajiya, ki yi mai kauri, sukari 2 ga ruwa 1. Kwalbar gilashi, ba robar lemo da aka sha ba. Ki tafasa kwalbar da murfinta minti 10, ki kife ta bushe, ki ɗura maɗin da zafinsa, ki rufe. Duk ranar da za ki ɗiba, tsiyayowa za ki yi, ko ki sa busasshen cokali mai tsabta. Cokalin da ya taɓa baki ko ɗan itace in ya koma kwalba, shi ke kai ɓarnar. A firjin da ke samun wuta, mai kauri irin na zoɓo da tsamiya yana yin makonni. In wutar unguwarku ba tabbas, ni shawarata ki daina tunanin yin na wata guda. Ki yi na kwana uku, ki ajiye a inuwa gindin randa. Gwangwani ɗaya minti goma sha biyar ne aikinsa. Duk mai madara ko kindirmo ko ɗanyen ɗan itace kuwa na ranar ne, in ba sanyi kada ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a waje.

Tunda uwar mijinki za ta zauna da ku, ki bincika a hankali ko tana da ciwon sukari, don dattawa da yawa ba sa faɗa sai an tambaya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kamar giram 50 ga babba, wajen cokalin shayi 12. Babban cokali ɗaya na maɗi mai kauri yana ɗauke da kusan cokalin shayi 3. Ki haɗa da na kunu da na shayi da na zoɓon sha, za ki ga yadda buɗa-baki ɗaya ke cinye kason yini. Kuma kada a ruɗe ki da cewa zuma ko mazarƙwaila ko dabino ba sa tayar da sukari, suna tayarwa. Shi ya sa nake son masu tsami, cokali ɗaya ya wadatar da kofi guda. Kada ki zuba a babban kwano, ki kai shi a ɗan ƙaramin jug ko kofi da cokali, ki durƙusa ki ajiye gefen Inna, ta sa gwargwadon abin da take so ko ta bari. In akwai jariri a gidan da bai shekara ba, kada a lasa masa abin da zuma ta shiga, ko an dafa ta, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

Kada ki tari duka lokaci ɗaya. Kafin watan ya kama ki yi farin ruwan sukari sau biyu har hannunki ya san lokacin saukewa, sannan ki yi na tsamiya ki ba maigidan ya ɗanɗana a kan gwanda. Na ƙonannen sukari ki bar shi sai ranar da ba ki da baƙi, kuma ba kina azumi ba, don ki samu ɗanɗanawa bayan ya huce.

Ita kuma tukunyar da sukari ya daskare a ciki, in tana nan, kada ki sa wuƙa ki kankare, za ki ɓata gindinta a banza. In bai ƙone ba sukarinki lafiyarsa lau. Ki zuba ruwa gwangwani 1, ki rufe, ki ɗora kan wuta kaɗan har tsakuwar ta narke tas, ki matsa lemon tsami, ki gwada a faranti.